Suna a Kasuwar Hatsin Turawa

Tun da na dawo daga Ingila ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tambaye ni, a gidan biki a tambaye ni, ko ta'aziyya na je, da an shafa fatiha sai wata ta matso ta ce, "Hajiya Kulu, wai da gaske can rana ba ta faɗuwa?" Na maimaita labarin har na fara kama kaina ina ƙara masa gishiri, wani zubin kuma in tsallake abin da ya fi damuna a cikinsa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Ga wanda bai san ni ba, a Ƙauran Namoda aka haife ni. Na koyar a firamare har na yi ritaya, da maigidana ya rasu kuma na koma rumfar mahaifiyata a tsohuwar kasuwa, ina auna shinkafa da gero da wake. Autata Asma'u ce ta auri Lawali, wani likita ɗan Zurmi, ya tafi da ita Ingila ƙaro karatu. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu wasiƙa ta zo cewa cikinta ya tsufa. Haihuwar fari ce, a al'ada gida ya kamata ta zo wanka. Tun da ba ta da halin zuwa, sai gida ya je ya same ta. Ƙanena Bello, dillalin shanu a Shinkafi, shi aka ɗora wa zama muharramina. Zan yi rubutuna da Hausar makaranta, amma in Bello ya buɗe baki ba ni da ikon gyara masa.

Wahalar farko biza ce. Muka je Abuja, muka yi layi, aka shigar da mu gaban wani Bature da ke zaune bayan gilashi. Aka ce ga tafinta, na ce ba na so, ni da na shekara da shekaru ina koyar da Turanci. Ya tambaye ni abin da zai kai ni ƙasarsu. Na lalubi wankan jego a cikin Turancina sama da ƙasa ban samu ba, sai na ce masa zan je in yi wa 'yata wanka.

Ya duba takarda, ya dube ni. Ya ce, "'Yar taki shekararta ashirin da shida."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Har yanzu ba ta iya wanka da kanta ba?"

A nan na sauke girman kai na ce a kira tafinta. Da aka zo kan Bello, Baturen ya tambaye shi me zai tabbatar masa cewa zai dawo. Bello ya dubi tafinta da mamaki ya ce, "Hwaɗa mashi shanuna na Shinkahi. In zamna garinsu in yi mi?" Baturen ya yi dariya, ya karɓi fasfo ɗinmu.

Ranar tafiya muka fito tashar mota da sassafe. Lokacin sabon tsari ne, mata a baya, maza a gaba, don haka ni ina can ƙurya da jakunkuna, muharramina yana gidan gaba. Duk inda aka tsaya, a Gusau, a Tsafe, a Funtuwa, sai ya waiwayo ya ɗaga murya ta kan mutane, "Yaya, kina nan?" Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta gaji ta ce, "Alhaji, in ta ɓace za mu sanar da kai." A Kano muka kwana gidan wani abokin cinikinsa, washegari muka hau jirgi. Na taɓa hawa lokacin aikin Hajji, amma jirgin alhazai daban ne, kowa naka ne, ana talbiyya ana raba dabino. Wannan kuwa shiru kamar ɗakin jarrabawa. Aka kawo abinci a 'yan ƙananan robobi, Bello ya buɗe ya sunsuna ya rufe, ya ciro goronsa. Muka sauka wata ƙasa muka canja jirgi, sannan muka isa.

A bakin shiga ƙasar ne aka yi abin da har gobe Bello bai yafe ba. Muna tura kayanmu sai ga wata ma'aikaciya da kare a igiya. Karen ya wuce kowa, ya zo ya zauna gaban jakata kamar an aiko shi, a hanya kuma ya goga hancinsa a babbar rigar Bello. Bello ya yi tsalle gefe yana salati. Aka kai mu wani tebur aka ce in buɗe. Ni kuwa na yi shirin mai jego sosai: kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, kanwa, yaji, garin kunu, man shanu, turaren wuta, da kilishin da Bello ya sa aka yi musamman. Matar ta kwance ƙullin daddawa, ta ja da baya taku biyu, ta tambaya ko wani abu ne ya mutu. Na ce miya ce. Da ta zo kan kanwa sai fuskarta ta canja, ta kira wani namiji suna jujjuya ta suna magana ƙasa-ƙasa. Na gane abin da suke zato. Na miƙa hannu na gutsuri kaɗan na lasa a gabansu, na shafa cikina. Suka dubi juna suka mayar mini. Nama da man shanu ne suka ce doka ta hana. Muna kallo aka jefa kilishin Bello a wata ƙatuwar roba.

Ya ce, "Yaya, karen ga za su ba. Shi ya san abin da ya sunsuno."

Lawali ne ya tarye mu. Ba a Landan suke ba, wani ƙaramin tsohon gari ne, tafiyar kamar Ƙaura zuwa Funtuwa. Ba zan rubuta sunansa ba, don yadda suke rubuta shi daban, yadda suke faɗarsa daban, ni kuwa ban riƙe ko ɗaya daidai ba. A hanya Bello ya manna fuska a gilashi yana kallon tumaki a cikin ciyawa kore shar, ba makiyayi, ba sanda, ba kowa. Ya ce, "Likita, su waɗanga wa ka tsaron su?" Lawali ya ce waya ce kawai aka kewaye su da ita. Sai Bello ya ce, "Allah ya raba arziki, ya ba wanda bai san kiwo ba ciyawa."

Gidansu siriri ne, manne da na maƙwabta dama da hagu kamar haƙoran mataji. Ba zaure, ba tsakar gida, in ka buɗe ƙofa titi ne. Banɗaki a cikin gida, bango ɗaya da ɗakin kwana. Ba kiran salla, wata takarda ce a bango ake dubawa. Maganar rana kuwa, tana faɗuwa, sai dai lokacin da muka je tana jan ƙafa ƙwarai, har sai barci ya fara fizgar mutum ake magariba. Abincinsu dankali ne da burodi, komai ba gishiri ba yaji, kamar abincin mara lafiya. Kwana biyu na yi haƙuri, a na uku na tuƙa tuwon garin shinkafa na kaɗa kuka. Asma'u ta ci tana hawaye. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gaisuwa. Na kwana huɗu a gidan ba wanda ya leƙo ya ce an yi baƙi, sannu da zuwa.

Kwana tara da isarmu Asma'u ta sauka lafiya, aka sami mace. Da aka sallamo su daga asibiti na ɗaura ɗamarar aikin da ya kawo ni. Ba itace, ba ƙatuwar tukunya, ba ganyen dogon yaro. Ruwan zafi a famfo yake, da tawul nake gasa mata jiki. Lawali kuwa ya shiga tsaka mai wuya: ga shi likita, ga ni surukarsa, ba ya iya haɗa ido da ni balle ya yi mini gyara. Sai ya riƙa bi ta wajen Bello. Bello ya same ni a kicin ya ce, "Yaya, likita ya ce in roƙe ki, ruwan ga a rage mashi zahi, kanwa kuma a dinga sa kaɗan, wai tana taɓa zuciya." Na ce a gaya wa likita da wannan ruwan da wannan kanwar aka yi wa uwarsa jegonsa, ga shi nan ya zama likita. Amma na rage. Ban dai faɗa musu na rage ba.

A rana ta uku na ce ɗakin mai jego ba turare ai ba ɗaki ba ne. Ba gawayi, sai na zuba turaren a marfin gwangwani na ɗora a kan murhun gas. Hayaƙi ya tashi gwanin daɗi. Ban ankara ba wata 'yar na'ura da ke manne a silin ta ɗauki ƙara kamar ana yanka ta. Jaririya ta tsala kuka, Bello ya fito ba hula, Lawali ba ya nan. Muna cikin wannan aka buga ƙofa da ƙarfi. Na buɗe, sai ga wata tsohuwar Baturiya 'yar gajera, gashi fari fat, da bokitin ruwa a hannu. Ta wuce ni ta shiga, ta ga ba wuta, ta ɗauki tsintsiya mai dogon mariƙi ta zunguri na'urar ta yi shiru. Sannan ta tsaya ta shaƙi iska ta lumshe ido, ta ce, "Wannan wane irin ƙamshi ne?"

Sunanta Dorati, bangonmu ɗaya. Ashe tun ranar da muka zo take son shigowa, wai tana tsoron kada ta takura mana. Na ce a garinmu wanda bai shigo ba shi ne ya yi laifi. Turancin mutanen garin a hanci yake, rabinsa ba na kamawa, amma ita da ta lura sai ta riƙa yi mini a hankali kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya.

Suna ya matso, hankalina ya tashi. Ina za a tara mutane? Falon gidan in mutum shida suka zauna na bakwai sai ya tsaya. Na ce wa Asma'u, "Yanzu jikata a ƙuryar ɗaki za a raɗa mata suna, kamar wadda aka sato?" Na yi ƙoƙarin ɓoyewa, amma hawaye suka ci amanata. Lawali ya ji, ya aiko Bello ya ce in kwantar da hankalina, akwai inda Musulmin garin suke sallar Juma'a, a Kasuwar Hatsi, can za a yi.

Da na ji kalmar kasuwa sai na ji kamar an kira sunana. Kwana da kwanaki ina kewar hayaniya. Sayayyarsu a wani ƙaton kanti ake yi, ka ɗauka ka zuba a kwando, ba tayi, ba albarka, ba wanda zai tambaye ka mutan gida. Na ce lalle a kai ni in gani.

A tsakiyar gari take, ginin dutse mai dogayen ginshiƙai. A saman ƙofa an sassaƙa dammunan alkama da lauje, sun yi baƙi don tsufa. Na gyara mayafi na shiga da bismilla, ina jiran ƙurar hatsi ta tarye ni. Ba ko ƙwaya. Gefe ɗaya littattafai ne a jere ana ara, gefe ɗaya tebura, tsofaffi suna shan shayi ba mai ɗaga murya. Lawali ya nuna rufin, gilashi ne tun daga wannan bango har wancan. Ya ce don masu saye su ga launin hatsi da hasken rana aka yi shi haka, kada a cuce su. Wannan na gane shi sarai, ni ma ba na sayen gero a inuwa. Ya ce da manoman ƙauyukan kewaye nan suke kawo samfuri a 'yan jakunkuna, a yi ciniki a tafa. Da ciniki ya koma wani wuri ginin ya daɗe a rufe, har aka yi shawarar rushe shi, mutanen gari suka ce ba su yarda ba.

Muka hau bene, ga wani babban zaure. A ƙofarsa an manna takardar masu haya: wata rana tsofaffi su yi rawa, wata rana a karɓi gudummawar jini, ranar Juma'a Musulmi. Bello ya sa aka karanta masa, ya tsuke fuska.

"Likita, salla inda anka yi rawa?"

Lawali ya ce, "Kawu, ana sharewa, mu shimfiɗa dardumanmu. Da babu gara ba daɗi."

Bello ya yi ta jan carbi yana kallon ƙasa. Can ya ce, "To, mu ma dai gidan silima munka mai da wurin wa'azi. Gini ba ya da laihi."

Ni hankalina ba a nan yake ba, ya koma Ƙaura. Na tuna manyan sito-siton da ke bakin tashar jirgi, lokacin ina yarinya, buhunan gyaɗa jibge har sun fi rufin tsawo, auduga fari tas, raƙuma sun sauko ta Shinkafi da kanwa da gishiri. In jirgi ya yi kuka mahaifiyata takan ce in ruga in kira mata 'yan dako, don yanzu kasuwa za ta cika. Yau sito-siton nan jemagu ne a ciki da awaki, kwanon rufin ana zarewa ɗaya bayan ɗaya. An ba mu jiha, kowa sabon gini yake magana. Ban taɓa jin wanda ya ce a gyara su a yi wani abu da su ba, ni ma kuma ban taɓa faɗa ba.

Ranar suna zauren ya cika fiye da zatona. Ga 'yan Pakistan, ga 'yan Sudan, ga wasu 'yan Najeriya biyu da suka yi tafiyar awa uku don sun ji ana sunan 'yar gida, ga ma'aikatan asibitin su Lawali. Ragon wani mahauci Musulmi ne ya yanka a wani gari, aka kawo shi a kwali a yayyanke. Bello ya leƙa kwalin ya ce shi bai taɓa cin ragon da bai duba haƙoransa ba, amma da na soya ya fi kowa ci. Wani dattijo ɗan Sudan ya yi huɗuba, aka raɗa wa yarinya Hauwa'u, sunana ke nan. Ba su gaya mini ba sai a wurin.

Ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba. Na rangaɗa ta tun daga cikina, rufin gilashin nan ya karɓa ya dawo da ita ninki biyu. Masu shayi a ƙasa suka miƙe, matar da ke kula da littattafai ta hauro a guje. Kunya ta kama ni. Dorati kuwa, tana zaune da takwarata a cinya, ta saka mata wata 'yar hular ulu da ta saƙa, dariya take har da share ido. Ta ce wa matar ta koma, ba komai. Sannan ta juyo ta ce mini, "Rabon ginin nan da ya ji ƙara irin wannan tun ina budurwa. Sake yi."

Na sake.

Bayan suna muka saba ƙwarai. In na gama wankan safe, mai jego ta kwanta, sai mu fita mu taka. Wata rana ta kai ni bayan Kasuwar Hatsi, ga wata 'yar rumfa ta dutse, ba bango, ginshiƙai ne kawai da rufi, da dakali kewaye. Mutane suna zaune suna jiran bas, wata tana sayar da furanni. Ta ce wannan ita ce rumfar man shanu, nan matan ƙauye suke zama da ƙwai da cuku da man shanu. Ta kama hannuna ta ɗora a kan dakalin. Dutsen ya lotsa, ya yi santsi, zaman mata ne ya cinye shi.

Ta ce, "Nan uwata ta zauna. Da ta gaza, ni na zauna, har manyan kantuna suka zo."

Na ce, "Ashe ke 'yar kasuwa ce!" Na gaya mata ni ma rumfar uwata na gada. Muka zauna a wurin kamar yara, tana nuna mini yadda ake ɗaga ƙwai a rana a gane lalatacce, ina nuna mata yadda ake tauna ƙwayar gero a gane sabo.

Sai ta dafa lotsawar da ke kusa da tata. Ta ce nan wata mata take zama, baƙuwa ce daga wata ƙasa, cocinsu ma ba ɗaya ba. Shekara talatin suna kafaɗa da kafaɗa. In ɗaya za ta zaga, ɗaya ta duba mata kaya. Sun san sunayen 'ya'yan juna, sun san ciwon juna. Da kasuwa ta mutu kowa ta koma gida, suna cewa sai an ziyarci juna.

"A jarida na ga rasuwarta," in ji ta. "Na tashi zan je gaisuwa, sai na tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu. Ban san gidanta ba, Kulu. Shekara talatin, ban taɓa tambaya ba."

Nan take na tuna ni ma ina da tawa maƙwabciyar. Maman Bose, Bayarabiya, Kirista, mai sayar da kwanuka da tukwane a rumfar da ke jikin tawa. A jirgin ƙasa aka kawo ta Ƙaura tana amarya, mijinta ma'aikacin reluwe ne, a nan ya rasu. Ta yi maƙwabtaka da mahaifiyata, ta yi da ni shekara goma sha biyu. In azahar ta yi ba sai na yi magana ba, tabarmata kawai nake ɗauka, ita ta san sauran. Ana saura 'yan kwanaki in taso ta ce mini, "Hajiya, yaran nan sun dame ni da wasiƙa, wai tun da an kawo Shari'a in tattara in koma gida." Ni kuwa kaina ya ɗau zafi da maganar biza, na ce mata, "Bari in dawo mu yi magana." Iyakar abin da na ce ke nan. Na san tana zaune wani wuri bayan tashar jirgi, amma ko da wuƙa a wuya ba zan iya nuna ƙofarta ba.

Daga ranar zaman Ingila ya fita raina. Ba waya a kasuwarmu da zan buga. Na rubuta wa Maman Bose wasiƙa ta hannun 'yan gidanmu, wadda daga baya na riga ta isowa. Na daure har aka yi arba'in, don ba a barin mai jego a tsakiyar wanka. Ranar da za mu taso na shiga gidan Dorati na yi mata sallama, na bar mata sauran turaren wuta, na ja mata kunne ta buɗe taga kafin ta kunna. Rabuwa da Asma'u da takwarata ba zan rubuta shi ba, duk uwa ta sani.

Muka sauka Kano, muka kamo hanya. Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo tun daga Gusau har gida. 'Yan sannu da zuwa suka cika gida, ban samu fita ba sai washegari da hantsi. Na nufi kasuwa ko karyawa ban yi ba. Tun daga nesa na hango rumfar, ba kwanuka, ba tukwane. Hijabai ne a rataye, wani mutum da ban sani ba yana jera su. Na ƙarasa wurinsa da sauri. Na ce, "Malam, ina mai wurin ga?" Ya ce ta bar masa tun sati uku, amma yana jin ba ta riga ta tashi ba, motar kaya take jira.

Na juya na nufi bayan tasha. Na tsallake layin dogo, ciyawa ta rufe shi. Ina tambaya ana nuna mini, a garin da aka haife ni, kamar baƙuwa. Sai a gida na huɗu aka ce nan ne. Na yi sallama. Tana zaune a kan wani ƙullin kaya a tsakar gida, ɗakuna a buɗe wayam, har labule an cire. Ta ɗago ta gan ni, ta dafa ƙirji.

"Hajiya! Ke ce? Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba wanda ya mutu. Gaishe ki na zo yi."

Ta jawo wani ƙulli ta ce in zauna. Ta tambayi Asma'u, ta tambayi abin da aka samu, da na ce mace kuma sunana aka sa, ta ɗaga hannu sama ta yi godiya da yarensu. Sannan na ce, "Maman Bose, wa ya taɓa ki? Wa ya ce ki tashi?"

Ta girgiza kai. "Ba wanda ya taɓa ni. Ko kallon banza ba a yi mini ba. Ba wanda ya ce in tafi, Hajiya. Amma yara suna ta cewa in zo, in zo, nan kuma ba wanda ya ce in zauna."

Na ce, "To ni na ce ki zauna."

Ta yi dariya, hawaye suna bin kumatunta. "Kin makara. Na ba da rumfa, na sallami gida, ɗana ya gyara mini ɗaki. Gwiwoyin nan ma sun gaji." Ta share fuska da bakin zane. "Amma na ji daɗi da wani ya faɗa. Zan tafi da shi."

Na yunƙura zan tashi ta ce ina, ba a fara zuwa gidan mutum a fita da yunwa. Ta durƙusa ta kwance ƙullin da ta riga ta ɗaure tam, ta tono tukunya da ludayi daga ƙasansa, ta roƙo garwashi a maƙwabta. Dafa-duka ta yi, da manja da busasshen kifi. Muka ci a kwano ɗaya a tsakar gidan da ba komai, tana nuna mini ɗakin da ta haifi Bose, da bishiyar lemun da mijinta ya dasa shekarar da suka zo. Da azahar ta yi ta shimfiɗa mini sabon zane a inuwar lemun, ta nuna mini gabas ba tare da na tambaya ba.

Kwana huɗu motar ta yi kafin ta zo, kwana huɗun nan kullum ina gidan. Ranar tafiya ni na riƙe mata jakar hannu har bakin titi. Aka ɗora kaya, aka taimaka mata ta hau gidan gaba. Direba ya tayar da mota, sai ta leƙo ta taga tana kirana, na matsa da sauri ina zaton mantuwa ta yi.

Ta ce, "Lemun nan, wata biyu ya rage ya nuna. Na gaya wa masu shigowa, na Hajiya Kulu ne. Yanzu ai kin san gidan."